Yarinyar da ta rubuta min goed

Shekarata ta biyu ina koyar da turanci a aji huɗu na firamare wata yarinya ta rubuta min "I goed to market", na ɗau jan biro na zabga mata kuros. Sai ta biyo ni har tebur tace malam ba kai kace in abu ya wuce a liƙa masa ed ba, walk walked, play played, to shi go laifin me yayi? Wallahi ban da amsa, nace haka turanci yake ki haddace kawai, ta koma ta zauna amma ni abin ya tsaya min a rai.

Da daddare na buɗe ƙamus a waya, ashe went ɗin nan da ya kamata ta rubuta a maimakon goed agola ne a gidan go. Akwai wata tsohuwar kalma wend, ma'anarta juyawa ko kama hanya, ita ce mai went, kamar dai yadda send ke ba da sent, bend bent, spend spent. Shi go a tsohon turanci gan ake ce masa, in ya wuce kuma eode, wanda daga baya ya koma yede, to wajen ƙarni na 15 sai mutanen Ingila suka yar da shi suka ɗauko went suka haɗa da go, ita kuma wend da aka yi wa ƙwace ta koma wended, yanzu ma da ƙyar kaji ta a bakin mutum. Abin da ya fi ban dariya, a Sikotland akwai masu cewa gaed, wato ƙanwar goed ɗin da na kashe da jan biro.

Kuma fa mu ma muna yi. Na je, zan je, amma ba mai cewa ina jewa, sai ina zuwa, je da zo suna cin zuwa ɗaya kuma ba wanda ya taɓa damuwa.

Washegari na rubuta send sent, wend went a allo na basu labarin, na gaya wa yarinyar a gaban aji ƙa'idar da ta bi daidai ce, turancin ne ya karya ta. Makin dai ban mayar mata ba tunda a jarabawa went za a nema, amma yanzu in naga buyed ko catched sai na fara tambayar yaro yadda akai ya kai nan kafin na buɗe biro.