Daga Madina: Amsa ga Masu Tambayar Laftof

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna lafiya, sai zafi.

Tun da aka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a nan, ƙanne huɗu suka turo mini tambaya iri ɗaya: "Yaya, in taho da laftof ɗina? Za ta hau intanet a can?" Ku taho da ita. Soket ɗin nan mai baki uku ne irin namu, cajarku za ta shiga ba sai kun sayi komai ba.

Wahalar tana wajen layin waya. A Saudiyya ba a miƙa kuɗi a karɓi layi a wuce. Ko STC ne, ko Mobily, ko Zain, sai ka nuna igama, wato katin izinin zama a ƙasar, ko fasfo idan baƙo ne kai, sannan ka dangwala yatsa a na'ura. Ni sau uku na koma wani shago, na'urar ta ƙi karanta babban yatsana, ga layin mutane har bakin ƙofa, ga rana. Wani ɗan uwa ya ce zai ara mini layin da ke da sunansa. Na ƙi, kuma ku ma kada ku karɓa. Absher, manhajar gwamnati da ake bin harkar igama a cikinta, lambar sirri take turowa ta waya duk sanda za ka shiga. Idan layin na wani ne, ran da ya tafi hutu Kano kai ne za ka tsaya cak. Sai na tuna yadda muka riƙa ƙorafi da aka ce a haɗa layi da lambar NIN. A nan ba mai ko ɗaga murya.

Da layin ya samu, sauran mai sauƙi ne. A ɗaki ina jona laftof da wayata in sha daga datarta, amma ku hana laftof ɗin sabunta manhajoji da kanta, don cikin dare guda za ta cinye datar wata. A makaranta, sunan shiga da kalmar sirri ake ba kowane ɗalibi don hawa intanet. Ku rubuta su a takarda. Intanet ta wurin aiki kuwa, ma'aikacin kwamfutarsu ne ke saita ta, sai wani jiƙon mu yi maganar.

Abin da har yau nake mamaki: wata takwas ban taɓa rige-rigen caji don tsoron ɗauke wuta ba.

Ku gaida su Inna da Baba.

Yayanku a Madina