Kwanson da ke fashewa da kansa: fita daji da ƙananan yara a Tawa

Ina fita da yara ƴan shekara 4 zuwa 7 bayan gari, gefen gonakin hatsi, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ciyawa ta bushe. Abin da muke nema shi ne waken gizo, wato waken daji mai siririn kwanso da ke nannaɗe jikin karan hatsi.

Da sassafe muke tsinka, domin raɓa tana sa kwanson laushi, ba ya fashewa a hannu. A zaɓi wanda ya yi duhu ya bushe. Ɗanye ko ya wuni a rana ba zai yi komai ba. Kowane yaro ya tsinko biyar ya isa. Mu dawo gida, mu shimfiɗa farin zane a fili, mu zuba su tsakiya, yara su zauna cikin inuwa taki uku daga wurin. Wajen ƙarfe 11 sai ka ji "ƙas!", ɓari biyun sun murɗe kamar igiya, ƙwayoyi sun watse. Dalili shi ne zaren da ke jikin kwanson a karkace yake, kuma ciki da waje ba sa ƙanƙancewa daidai idan suna bushewa, har ɗinkin ya kasa riƙewa. Yara su sa tsakuwa inda kowace ƙwaya ta faɗi, su ƙirga taki.

Abin da na fi so shi ne a ajiye waken gona kusa da na daji. Na gona yakan zauna shiru. Nan nake tambaya: "Ƴaƴana, in kai manomi ne, wanne za ka ajiye iri?" Da kansu suke gano cewa kakanni sun yi ta zaɓen wanda ba ya zubar da ƙwaya kafin girbi.

Ranar da akwai gajimare ko damshi, kada a wahalar da yara, a bari sai gobe. Zurma ma tana fashewa da ƙara, ɗakuna uku ne a ƙwallonta, kowanne ƙwaya ɗaya, amma ƙwayar guba ce mai kisa. Ni kaɗai nake taɓa ta, cikin kwano da na rufe da yankin sange, in ƙirga ƙwayoyin kafin in zubar. Tumfafiya kuwa kallo kawai, nononta yana cutar da ido. Kowa ya sa takalmi, kuma a fara buga ciyawa da sanda saboda kunama da maciji.