Da jita zuwa Argungu

Direban da ya ɗauke mu daga tashar Birnin Kebbi ya so in biya wa jitata kuɗin kujera. Sai da na ɗora ta a cinya, wuyanta na leƙen taga, sannan ya haƙura. Wani dattijo da ke gefena ya daɗe yana ƙare mata kallo kafin ya ce, "Yaro, wanga molo naka ya cika tsirkiya." Gaskiyarsa kuwa. Molo uku gare shi, garaya biyu, kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi ɗaya tak. Tawa shida, kuma a lokacin ko ɗaya ban iya sarrafawa ba.

Hanyar ba ta da nisa, kusan awa ɗaya, gonakin shinkafa na ta wucewa ta fadama. Wurin Kawu na nufa, ƙanen mahaifiyata, wanda ya koyi jita tun yana ɗalibi.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ya karɓi jitar, ya kaɗa sau ɗaya, ya yamutsa fuska: zafin mota ya sauya mata murya. Ya bi tsirkiyoyin yana murɗawa daga mai kauri zuwa siririya, kowace da sunanta: E, A, D, G, B, E. Ni kuwa na ciro waya zan nuna masa wata waƙar Turawa da na ƙwallafa rai a kai. Ko kallo bai yi ba.

"Wace waƙa innarka taka yi maka kana goye?"

Kunya ta kama ni, amma na rera masa. Ya ce da ita za mu fara, domin mai koyo ba ya iya kokawa da yatsu da kuma baƙuwar waƙa lokaci guda. Wadda ta riga ta zauna a baki, kunne ne zai gaya maka in ka kauce. Ya kama yatsuna biyu ya ɗora a gaɓa ta biyu ta wuyan jitar, kan tsirkiyar A da ta D. Kamun Em kenan, mafi sauƙi. Sannan ya nuna min kamun D mai yatsa uku. Waƙar gaba ɗaya tsakanin waɗannan biyun take kai da komo, kamar mai jijjiga jariri.

Kamawar ba wuya. Sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da waƙar ta tsaya ba, nan gizo ke saƙa. Kafin magariba kan yatsuna ya yi ja, kamar na taɓa garwashi.

Washegari ya kai ni Gidan Tarihi na Kanta, muka ga tambura da kayan yaƙi, muka gangara bakin kogin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Ruwan shiru, sai masunta 'yan kaɗan da gorunansu. Kawu ya duba yatsuna ya ce, "Ka zo garin Kanta, ba ka komawa sai ka yi kanta." Dariyar shi kaɗai ya sha ta.

A dare na uku na kai ƙarshen waƙar ba tsayawa. Daga cikin gida matar Kawu ta ɗauki amshi, har da wani baiti da ban taɓa ji ba. Na tsaya in saurara, Kawu ya zungure ni da ƙafa: "Ci gaba, kada ka bar ta ita kaɗai."