Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makonni Ashirin

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A makon jiya mun tsaya a inda na kama aiki a sashen yara masu buƙata ta musamman na wata ƙaramar hukuma a Ingila. Yau zan ajiye labarina gefe in bayyana aikin kansa, domin sai an san shi za a gane abin da zai biyo baya.

Dokar Yara da Iyali ta 2014 ce ta kawo kundin da ake kira EHCP, wanda ya haɗa ilimin yaro da lafiyarsa da kulawarsa a takarda ɗaya, daga haihuwa har shekara 25. Kafin a kai ga kundin, makaranta ce ke fara ɗaukar nauyi: ana sa ran ta kashe har fam 6,000 a shekara daga kasafinta kan ƙarin tallafin yaron, ƙarƙashin malamin da ake kira SENCO, wato mai kula da tallafin yara masu buƙata ta musamman a makarantar. In tallafin bai wadatar ba, sai a nemi ƙaramar hukuma ta binciki buƙatarsa. Uwa ko uba na iya rubuta wannan wasiƙa da hannunsu. Ba sai makaranta ta yarda ba, ba sai likita ya sa wa lalurar suna ba, kuma ba sai an nuna cewa an riga an kashe fam 6,000 ɗin ba, duk da ana yawan gaya wa iyaye haka. Abu biyu doka ta nema: akwai alamar yaron na da buƙata ta musamman, kuma mai yiwuwa ya buƙaci kundin.

Daga ranar da wasiƙa ta iso ake fara ƙirga. Cikin mako 6 hukuma za ta faɗi ko za ta yi binciken. In ta yarda, sai ta nemi rahoton makaranta da na likita da na ma'aikatan jin daɗin jama'a da na masanin halayyar koyon yara, kowa mako 6 gare shi. In ba za a ba da kundi ba, dole iyaye su ji kafin mako na 16 ya ƙare. In za a bayar, sai a aiko musu da daftari, su yi aƙalla kwana 15 suna dubawa, su kuma ambaci makarantar da suke so. Mako na 20 ne iyaka. A 2023, kusan rabin sababbin kundaye ne kawai suka fito a kan lokaci, kuma galibi wajen masanin halayya ake maƙalewa, domin sun yi kaɗan ga yawan aikin. Zuwa Janairun 2024 yara da matasa 576,000 ne ke da kundi, ƙarin kashi 140 cikin 100 a kan 2015.

Amma abin da ya fi jinkiri cutar da yaro shi ne yadda ake rubuta sashen F. Kundin na da sassa daga A zuwa K. Sashen B na lissafa buƙatun yaro, F na faɗin tallafin da za a ba shi, I kuma sunan makaranta. Duk abin da ya shiga F wajibi ne hukuma ta samar da shi, ko da kuɗi ko babu. Shi ya sa ake samun rubutu irin "zai riƙa samun taimako wajen magana a kai a kai". Wane ne zai ba shi? Sau nawa? A kai a kai na iya zama sau ɗaya a zango, kuma ba wanda za a kama da laifi. Rubutun da ke aiki shi ne wanda ya ce ƙwararriyar gyaran magana za ta zauna da shi minti 30 kowane mako, mataimakiyar aji da ta horar ta maimaita darasin minti 15 kullum, a duba ci gabansa ƙarshen zango. Iyaye, ku ɗauki biro ku bi B layi-layi. Duk buƙatar da ba ta da amsarta a F, ku nuna ta cikin kwanakin nan 15.

Wanda bai gamsu ba yana da wata 2 daga ranar da ke kan wasiƙar hukuma ya kai ƙara kotun da ke sauraron waɗannan shari'o'i, bayan ya karɓi takardar shaida daga mai shiga tsakani. Sama da kashi 95 cikin 100 na ƙararrakin da ake yanke wa hukunci, iyaye ne ke samun aƙalla wani ɓangare na abin da suka nema. A ganina nan ne gyara zai fara. Kuɗin da hukuma ke kashewa wajen kare matsayin da ba zai tsaya a kotu ba, gara ta ɗauki masana halayya da shi, ta rage yawan fayil a hannun kowane jami'i, ta hana jami'in sa hannu a sashen F da ba shi da adadi. Ta kuma kiyaye 15 ga Fabrairu, ranar ƙarshe ta sanya sunan sakandare ga yaron da zai bar firamare, domin makara a nan na iya zaunar da yaro a gida a watan Satumba.

Ga iyalanmu masu Hausa a gida akwai ƙarin tarko. Doka ta ce bambancin harshen gida da na aji shi kaɗai ba lalurar koyo ba ce. Wani yaron lafiyarsa lau a ɗauka lalura gare shi, wani kuma mai lalurar gaske a yi ta cewa Turanci ne bai kama ba, har shekaru su wuce. Ku nemi a gwada shi da Hausa ma, da tafinta. In yana shan wahalar haɗa jimla a harsunan biyu, ku sa a rubuta hakan cikin rahoton.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga bitar kundin ta shekara-shekara.