Guguwar Ida ta kore mu daga makaranta, ta kai wasanmu Oklahoma

A kudancin Amurka, lokacin mahaukaciyar guguwa yakan fara daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma ta fi tsanani a Agusta da Satumba, daidai lokacin da jami'o'i ke buɗewa, ake fara gasar ƙwallonsu ta Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Ina karatun digiri na biyu a Jami'ar Tulane da ke New Orleans a 2021, kuma ina cikin ɗaliban da ke ɗan aikin duba tikiti a ranar wasa don samun na cefane.

Duk garin an zuba ido ga 4 ga Satumba. Oklahoma, babbar ƙungiya, za ta zo ƙaramin filinmu na Yulman mai cin mutum 30,000. Sai Ida ta sauka ranar 29 ga Agusta, shekara 16 cif bayan guguwar Katrina da ta yi wa garin ɓarna. Ta lalata manyan layukan da ke kawo wuta, birnin gaba ɗaya ya faɗa duhu. Zafin da ya biyo baya ya fi iskar wahalar da ni. Ba fanka, abin da ke firiji ya lalace, injin cirar kuɗi ya mutu, shagon da ya buɗe kuma tsaba yake karɓa. Tun daga nan ba na rabuwa da 'yan kuɗi a hannu, kuma fasfo da takardun karatuna suna cikin leda ɗaya a bakin ƙofa.

Jami'a ta kwashe mu a bas zuwa Houston. 'Yan ƙasa suka hau jirgi, kowa ya nufi gidan iyayensa. Baƙo fa? Wani bawan Allah da muka haɗu a masallaci ne ya ba ni ɗaki. Wanda zai zo karatu yankin nan, ya nemi wanda ya sani a wani gari mai nisa da teku tun kafin hadari ya haɗu.

Wasa kuwa bai fasa ba. Aka mai da shi Norman, gidan Oklahoma, suka zana tambarinmu a filinsu, muka sha kashi da ci 40 da 35. 'Yan wasanmu suka tare a Birmingham ta jihar Alabama, a can ma suka karɓi baƙuncin ƙungiyar Jami'ar Morgan State. Tsofaffin ma'aikata suna cewa wannan da sauƙi: a 2005, bayan Katrina, an rufe jami'ar zango guda, ƙungiyar ta buga wasa 11 a filaye 11.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin da aka samar wa wasa wuri, domin akwai kwangilar talabijin a kansa, alhali masu sayar da abinci a bakin fili, da masu shara, da direbobi, ranar cinikinsu ta tafi wata jiha, wasunsu kuma rufin gidansu ya yaye. Ba na ganin laifin 'yan wasa, su ma a otal suke kwana, hankalinsu na gida. Amma ko da muka koma aji a ƙarshen Satumba, matar da nake sayen kaza a wurinta ba ta dawo ba tukuna, tana can tana jiran kamfanin inshora.