Asabar a Mpape

Sai yanzu bayan isha'i na samu na miƙe ƙafa. Gas ya ƙare da safe ina tsakiyar dafa wa yara shayi, mai ruwa bai leƙo layinmu ba, ga 'yan zauren WhatsApp ɗina sun fara tun da duku-duku: "Anti, shiru ba ci gaban labari?" Da bakina na ce musu babi na gaba zai sauka yau, kuma kuɗinsu suka biya, Naira 500 kowacce. Alkawari kaya ne.

Na biya ta Dutsen Alhaji na ajiye yaran wurin Goggo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma ina zuwa da sassafe ranar hutu?" Na ce taron marubuta, Goggo. Ta ce, "Ana raba wani abu ne?" Na ce sai dai ilimi. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, amma kada in kai magariba.

Rabin babin a mota na rubuta shi, mu huɗu a baya, jaka a matse a hammata, babban yatsa ɗaya ke aikin. Ba na shiga motar da ban ga an yi lodinta a tasha ba saboda 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi musu fashi, don haka jiran cikar mota ma ya ba ni shafi guda. Daga mahaɗar Mpape zuwa sama kuwa babu zancen rubutu. Tifofi ne ke gangarowa da tsakuwa daga wuraren fasa dutse, ƙura ta turnuƙe, kowa na neman hanya. Unguwar da ƙasa ta yi girgiza a 2018 ke nan har mutane suka firfito daga gidajensu, ga Maitama can ƙasa tana sheƙi.

Taron na shekara-shekara ne na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wadda su Chinua Achebe suka kafa a 1981, kuma a Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa ake yinsa. Ina shiga ƙofa labarin mai sunan ya faɗo mini. Janar ne na soja, mutumin Neja, mai rubuta waƙoƙi, shi ya ba marubuta filin nan yana ministan Abuja. A watan Maris na 1986 aka harbe shi bisa zargin kitsa juyin mulki, bayan Achebe da Soyinka da J.P. Clark sun je wurin Babangida roƙon a yi masa afuwa. Filin ya yi shekaru da yawa yana daji kafin a ga gini. Yau ga mu muna ɗaukar hoto a ƙarƙashin sunansa.

Yawancin zaman da Turanci aka yi, ba mamaki, taro ne na ƙasa baki ɗaya. Mu 'yan Hausa sai lokacin hutu muka samu juna, aka ja kujeru gefe guda, wasu daga Kano, wasu Kaduna, wasu Gusau. Kafin nan na daɗe a teburan littattafai. Akwai wata baiwar Allah da ta jera kundin waƙoƙinta, siriri, bangon ruwan ƙasa, takardar ciki mai kauri. Na ɗauka na buɗe, warin tawada bai gama fita ba. Ta sa wa wani hannu a shafin farko, ta rubuta kwanan wata, ta hura wa rubutun iska kafin ta rufe. Ban ɓoye wa kaina ba, abin ya tsaya mini a rai. Na tambaye ta nawa ta kashe, ta yi dariya ta ce takarda daga waje take zuwa, farashinta dala yake bi, mai ɗab'i in ya faɗa miki kuɗi yau, mako mai zuwa wani zance ne.

A wurin cin abinci ne wani dattijo, malamin jami'a, ya ce mini, "'Yata, ke ma marubuciya ce? Ina littafinki?" Na fito da waya na nuna masa. Ya gyara tabarau, ya ɗan ja shafin da yatsa, ya miƙo mini. Ya ce, "Wannan ai hira ce da ƙawaye. Ki buga tukuna, sai mu yi magana." Na ce, "Allah ya gafarta malam, in Allah ya yarda." Abin da tarbiyya ta yarda in faɗa ke nan.

Wanda ban faɗa ba shi ne, irin kallon da aka yi wa littattafan soyayya na Kano ke nan a shekarun 1980 da 1990, aka laƙaba musu adabin kasuwa, yau kuma su ake rubuta digiri a kansu. Masu karatun nan ba mutuwa suka yi ba, waya suka koma. Matar aure a Nyanya, ɗaliba a Zariya, mai aikatau a Jidda, duk suna jirana, kuma in na yi kasala a babi a ranar zan ji a jikina. Mai littafi a kanta zai iya shekara bai san ko an buɗe shi ba.

Amma dai ban raina maganar malam duka ba. Abin da ke waya ba shi da tushe a ƙasa. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta intanet, ta rufe a ƙarshen 2023, marubuta da dama suka wayi gari babu kantinsu. Ga masu kwafe labari su raba kyauta, ga masu karanta shi a YouTube ba su ko yi maka sallama ba. Sannan rubutun da ake sakewa kullum da zafinsa ba ya samun mai tacewa. Na gane haka lokacin da nake shirya labarin gasar Hikayata ta BBC, inda ba a yarda a wuce kalma 1,500 ba. Ni da na saba jan gaisuwar surukai har shafi biyu, sai ga ni ina yanke jimlolin da nake ji da su, labarin kuma ya fi kyau. Ina son takarda, gaskiya ne, amma don abin ya zauna kuma ya bi ta hannun mai gyara. Kuɗin bugun ma daga Naira ɗari biyar-biyar ɗin nan zai fito, in zai fito.

Wata 'yar Kaduna ta ce mu haɗu mu huɗu mu fitar da tarin gajerun labarai, a raba kuɗin ɗab'i. Na ce zan yi shawara. Ina da labarin da ake bi na bashi kullum, ina da wanda nake son naɗa da muryata amma janareton maƙwabta ba ya bari, ga takardun gwajin 'yan ajina da ban duba ba. Mun dai yi musayar lamba.

Bayan sallar la'asar na zauna a kan dakali na ƙarasa babin na tura. Kafin in sauko mahaɗa har wata 'yar zauren ta rubuto cewa Zainabu ta cikin labarin ta yi saurin yafe wa mijin, ita ba ta yarda ba. Tana da gaskiya ta wani ɓangaren, amma ba ta san abin da na tanadar masa a gaba ba.

Na kai magariba. Goggo ba ta ce komai ba, ta dai dubi agogon bango, ta dube ni, ta miƙo mini kwanon tuwo. Gobe ba zan fita ba, kuɗin mota ya isa haka, ga wanki ya taru, kuma dole a nemo gas kafin rana ta yi.