Daga Jidda Zuwa Madina Don Ganin Hoton Zuciya

Bayan sallar asuba na shiga jirgin ƙasa na Haramain a tashar Sulaimaniyya ta Jidda. Layin ya fara aiki a 2018, gudun jirgin kan kai kilomita 300 a awa. Muka bi ta gefen Rabig, daga nan sai rairayi da baƙaƙen duwatsu, cikin kusan awa biyu muna Madina. Wanda ya tarbe ni Bahaushe ne haifaffen garin, kakanninsa ta Sudan suka zo a ƙafa. Shi ke sarrafa na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, a wani asibiti, ni kuwa na zo ne in ga yadda hoton zuciya ya koma tun da aka haɗa musu shi da manhajar ƙirƙirarriyar basira.

Mutum na farko a layi bai ma shiga na'urar ba. Dattijo ne da aka turo don gwajin hanyoyin jinin zuciya. Ya kiyaye takardar umarni sarai: awa 24 ba gahawa, ba shayi. Amma abokina ya lura da jan haƙoransa.

"Baba, ko an taɓa goro yau?"

"Ɓari guda ne, ɗana, bayan asuba."

"To Baba, a yi haƙuri, sai gobe in Allah ya kai mu."

Dalili shi ne ana ɗura maganin adenosin ta jijiya, maikrogiram 140 ga kowane kilo na nauyin jiki a minti, na tsawon minti uku zuwa huɗu, don ya buɗe hanyoyin jini. Inda hanya ta tsuke, ruwan alamar da ake ɗurawa don jini ya fito a hoto kan makara, wurin ya fito duhu. Sinadarin kafin da ke cikin goro yana toshe aikin maganin, sai hoto ya fito fes alhali ciwon na nan. Mai asma mai tsanani ma ba a ba shi wannan magani.

Ta biyu mai jego ce, wata uku da haihuwa, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Wannan ciwon raunin zuciya bayan haihuwa mun san shi ƙwarai a Kano, Zariya da Sakkwato. Ma'aikaciyar jinya ta sa ta cire ɗan kunne, awarwaro da fil ɗin mayafi, ta goge kwalli, don wani kwallin yana da ƙarfe a ciki. Aka duba sakamakon ƙoda, domin in lissafin tacewar ƙodar ya gaza 30 ana taka-tsantsan da ruwan alamar, wato gadoliniyam. Aka manna wayoyi huɗu a ƙirji, aka ɗora faifan karɓar sigina, aka toshe kunnuwa.  Wayoyin nan su ke gaya wa na'ura lokacin kowane bugu. In ba a goge fata da kyau ba, sai ta karanta bugu ɗaya a matsayin biyu, hoto ya yi dishi-dishi.

Ta lasifika abokina ya yi mata magana da Hausa: "Hajiya, ja numfashi. Sake shi. Riƙe." Ba ta iya wuce daƙiƙa biyar ba.

A da, nan ake cijewa. Ana yanka hoton zuciya fala-fala goma zuwa sha biyu, kowane kaurin milimita 8, kowane kuma yana son a riƙe numfashi daƙiƙa 10 zuwa 15. Mai kumburi a huhu ba za ta iya ba. Yanzu na'urar na ɗibar kaɗan daga bayanan da ta saba tarawa, manhaja ta gina sauran daga abin da ta koya a dubban hotuna. Da gajerun riƙo aka kammala.

Sai awo. Zana da'irar ciki da wajen babban ɗakin hagu na zuciya da hannu, fala bayan fala, kan ci minti ashirin ko fiye. Manhajar ta zana su kafin in gyara zama. Amma abokina bai karɓa haka nan ba, ya bi su ɗaya-ɗaya, kuma a falan da ke can sama kusa da bawul, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakunan zuciya, ya kama ta: ta haɗa wani yanki na ƙaramin ɗakin sama cikin lissafi. Wurin nan ne ta fi tuntuɓe, kuma fala ɗaya tak na iya karkata sakamako. Lafiyayyar zuciya na tura sama da kashi 55 cikin ɗari na jinin da ke cikinta a kowane bugu. Bayan gyara, ta matar ta tsaya ƙasa da 45.

Akwai abin da ya sa nake dagewa kan wannan bin diddigi. Yawancin irin waɗannan manhajoji an horar da su da hotunan Turawa, kamar na rumbun UK Biobank a Birtaniya, kuma bincike ya nuna zanensu kan rage daidaito a zukatan baƙar fata idan ba a saka isassun hotunansu wajen horarwa ba.

Aka ɗura gadoliniyam, aka jira minti goma. Lafiyayyen nama baƙi yake fitowa, tabo fari tas. Tabon toshewar jijiya daga cikin bango yake farawa. Na kumburin tsoka ya fi zama a tsakiya ko ta waje. Nata bangon baƙi ne gaba ɗaya, abin da ke ƙara sa ran zuciyar ta farfaɗo da magani. Aka ce ta ci gaba da shayar da jaririnta.

La'asar a Masallacin Annabi na yi ta. Kafin mu fito daga asibitin, abokina ya ɗauki biro ya bi takardun umarnin gobe, kusa da gahawa da shayi yana ƙara goro da Larabci da Hausa. Jirgin magariba na biyo zuwa Jidda.